Kawun da Na Ɓoye a Guangzhou

Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi ran Kawu a wani asibiti a nan Guangzhou. Kafin la'asar ofishinmu na kago, wato aika kaya gida, da ke bayan kasuwar Canaan ya cika har kan matakala. Ga Kanawa, ga mutanen zangon Kumasi, ga 'yan Nijar masu sarin yadi, ga leburorinmu 'yan China su huɗu sun jingina da bango suna rarraba ido. Babu wanda ya san abin da zai faɗa. Mutum zai shigo ya yi salati, ya buɗe baki zai ce "Allah ya jiƙansa," sai ya tuna marigayin Kirista ne, ya haɗiye sauran maganar ya koma "Allah ya ba da haƙuri." To wa za a ba haƙurin? Sai ka ga ya duba dama ya duba hagu, ya rasa wanda zai miƙa wa hannu, ya nemi wuri ya zauna.

Wani dattijo ɗan Kumasi mai sarin takalma ya zauna a kan kwali yana kuka wiwi, ko kunyar furfurarsa bai ji ba. Matar da muke hayar sito a wurinta, 'yar China, ta kawo farin fure ta ajiye a kan teburin Kawu tana ta maimaita "lawban, lawban," wato maigida. Sai Alhaji, babban Kanawan da ke garin nan, wanda kowa ke kai wa ƙara in rigima ta tashi, ya girgiza kai ya ce, "Bawan Allah! Shekara da shekaru a ƙasar mutane, ga shi ya tafi babu nasa ko ɗaya a kusa."

Ina tsaye a bayansa ina raba wa mutane ruwan roba. Mutumin da ake cewa ba shi da kowa yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kawo ni ƙasar nan, shi ya koya mini sana'ar da nake ci da ita. A cikin ɗakin nan kaf babu wanda ya san haka, domin shekara tara ke nan ina ɓoyewa. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don a san irin ɗan da ya riƙe.

Umma 'yar wani ƙauye ce a gefen Jengre. Gidansu Kiristoci ne, irin waɗanda ke yin ibadarsu ran Asabar ba Lahadi ba. Ta musulunta ta auri mahaifina ta dawo Kano, a nan aka haife ni. Ina yaro, in faɗa ya haɗa ni da yaran unguwa, zagin da ake gama ni da shi guda ɗaya ne: "ɗan tubabbiya." Na fasa wa yara baki a kan kalmar nan ba sau ɗaya ba, don ni tun asali ba ni da sanyin zuciya. Da na girma sai na daina dambe, na koyi yin shiru. In an tambayi dangin uwata sai in ce mutanen Jos ne, in canza zance. Ba uzuri nake kawowa ba, ina faɗar inda cutar ta samo asali ne.

Kawu kuwa bai taɓa yanke zumunci ba. Duk Sallah sai ya aiko wa Umma da atamfa. Da na gama makaranta ina ta yawon banza a kasuwar Kwari, shi ya ce mata, "Turo mini shi." Haka na sauka Guangzhou da jaka ɗaya da bakin tsiwa.

Aikinmu kago ne. Ɗan kasuwa ya yi sarinsa a Canaan ko a manyan shagunan titin Guangyuan, a kawo mana kayan, mu auna, mu ɗaure, mu rubuta suna, mu loda a kwantena ta tafi gida. Kusan duk masu kawo mana kaya Musulmi ne. Kawu ba ya cin alade, ba ya shan giya, ko goro ba ya taunawa, kuma tare da mu yake cin taliya a shagon Musulmin China da ke ƙasan bene. Saboda haka baƙo in ya zo sai ya ce masa Alhaji. Nan take zai ɗaga hannu: "A'a, ban je ba, ba kuma zan je ba. Ni Kirista ne, na Asabar. Amma ga buta can, ga darduma, alƙibla tana wajen tagar nan." Da hannunsa ya manna alamar alƙiblar a bango. Kanawa suna tsokanarsa da Hausarsa ta Jos, shi kuma ya rama ya ce Bakano ko a mafarki ciniki yake yi.

Ran Juma'a ranarsa ce ta wahala. Tun sha biyu yake korar mu: "Ku tashi, ku tashi, kada ku rasa sahu." Maƙwabta su kawo masa makullansu, ya jera su a aljihun tebur. Shi kaɗai zai karɓi kayanmu da na shaguna biyar ko shida, yana ta fama da masu kawo kaya da gurgun Sinancinsa, har mu dawo daga masallaci. Ban taɓa jin kwali ɗaya ya ɓata a hannunsa ba.

Amma da rana ta yi sanyi sai ya fara duban taga. A unguwar nan gine-gine sun tare sama, ba ka ganin faɗuwar rana, don haka mu yake tambaya. "Saura nawa magaribarku?" In aka ce minti ashirin, sai ya fara tattara takardu. Da wayar wani ta yi kiran sallah, kwaɗo ya shiga ƙofa ke nan, ba za a sake buɗewa ba sai magaribar Asabar. Wayarsa ma a kashe take. Ya rubuta dokar da Hausa da Turanci da Sinanci ya liƙa a ƙofa. 'Yan China masu kawo kaya har sun haddace, in sun gan shi sai su yi dariya su ce "Asabar meyo," wato Asabar babu. In an matsa masa da ƙorafi, amsarsa ɗaya ce: "An ba ni kwana shida, ban ga abin da zan nema a na bakwai ba."

Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin, hutun ba nasa ba ne shi kaɗai. Na ce masa, "Kawu, kai ka je ka huta, ni in buɗe. Ai ni addinina bai hana ni ba." Ya ce, "In ka buɗe naka shagon, ka buɗe kowace rana, ba ruwana. Amma nan sunana ne a ƙofa. Ba zan zauna a coci ina waƙa, wani yana nan yana ɗaukar kaya a kafaɗa dominina ba. Leburan nan ma suna da baya." Na fita ina ƙunƙuni. Asabar ce ranar da kasuwa ta fi cika, kana ji kana gani abokan hamayya suna kwashe mutane.

Ina wata biyar da zuwa abin ya faru. Kowa yana ce masa Baba, ni ma a gaban mutane Baba nake cewa, sai mun koma gida in ce Kawu. Ban musanta shi ba tukuna, ban dai bayyana ba. Sallah ta matso, Alhaji yana da kwantena guda ta kayan yara da dole ta bi jirgin ruwan makon nan. Masu ɗinkinsa suka yi latti, kayan ba su iso sito ba sai bayan la'asar ɗin Juma'a. Kawu ya gaya masa tun kafin a fara, "Alhaji, za mu yi iya ƙoƙari, amma ka san dokata." Muka duƙufa, har shi da kansa ya tuɓe riga yana miƙa kwali. An ci rabi da 'yan kai sai aka kira magariba. Kawu ya tafa hannu ya ce wa leburori su sauka.

Kai, ranar na ga tashin hankali! Alhaji ya yi roƙo, ya yi faɗa, ya ce awa biyu kacal ta rage. Kawu ya ce, "Ka yi haƙuri. In kana so ka kwashe kayanka ka kai wani wuri yanzu, ga su nan, ba zan hana ba. Gobe da magariba kuwa ina nan da ƙarin mutane." A wannan lokacin wa zai karɓi rabin lodi? Alhaji ya juyo kaina, idonsa jawur, ga Kanawa sun kai goma a tsaye. Ya ce, "Kai yaro, ɗan Musulmi da kai, wai mene ne haɗinka da mutumin nan? Ɗan'uwanka ne?"

Na ce, "Haba Alhaji! Haɗuwar kasuwa ce kawai. Ni me zai haɗa ni da ɗan Asabar in ba neman abinci ba?"

Har dariya na yi da na faɗa. Kawu yana taku uku daga inda nake, ya sunkuya yana rufe kwaɗo. Na ga hannunsa ya tsaya. Sannan ya ƙarasa rufewa, ya sa makulli a aljihu, ya ce mana sai da safe.

Kwantenar ba ta sami jirgin ba, kayan suka isa Kano bayan Sallah. Alhaji ya ɗauke ƙafarsa daga wurinmu shekara guda cur, sannan ya dawo da kansa, ya ce gara mai taurin kan da in ya ce maka Talata to Talatar ce.

Ni kuwa tun daga daren Juma'ar nan na zauna jiran faɗa. Asabar ta wuce bai ce komai ba. Ran Lahadi muna cin tuwo a gida, ya ajiye cokalin miya ya ce, "Ɗana, na ji abin da ka ce." Na fara kame-kame, wai don in kwantar da rigima ne. Ya ce, "Bari. Na san abin da aka yi maka kana yaro, uwarka ta gaya mini. Ni dai ba zan yi ƙarya ba, duk wanda ya tambaye ni zan gaya masa kai ɗan ƙanwata ne. Amma ba zan yi shela ba. Ranar da ka shirya, ka faɗa da bakinka." Wallahi da ya kwaɗa mini mari da ya fi mini sauƙi. Na ce to, gobe. Goben nan ce ta kai shekara tara, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa, don wa zai sake tambayar abin da aka riga aka amsa?

Daga ranar, a ofis Malam yake ce mini. Na kama ɗakina daban a unguwar Sanyuanli. Na yi aure a Kano, ya je bikin, na zaunar da shi a cikin gida wajen su Umma, ban fito da shi wajen abokai ba. Da na sami 'yan mutanena na buɗe wani ɗan lungu nawa a bene na uku da nake buɗewa ran Asabar, ya zo ya duba ya ce in ƙara fanka, wurin da zafi. In Kanawa suna zolayarsa a bayan ido, suna cewa Baba ya shiga kogo sai gobe, da ni ake yi, har na fi su iya kwaikwayon tafin hannunsa.

Amma akwai Asabar ɗin da ya karya. Tsakuwar ƙoda ta kama ni a lungun nan nawa ina birgima a ƙasa. Dattijon nan ɗan Kumasi mai sarin takalma ya ruga har gidan da suke taruwa su yi ibada. Sai ga Kawu da farar rigarsa ta coci, ya ciccibe ni, tsoho da shi, ya sa a tasi. Da na farfaɗo a asibiti na ce, "Kawu, yau fa Asabar." Ya ce, "Ciniki aka hana ni, ba a hana ni kai ba. Sha ruwa."

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ranar sunan ɗiyata ta fari. An yi suna a Kano, mu kuma muka dafa shinkafa a ofis, jama'a suka taru. Kawu, wanda shi ne kakan yarinyar a duk faɗin ƙasar China, ya bi layi kamar kowa, ya ba ni hannu ya ce, "Barka, Malam. Allah ya raya." Sai da aka watse, muna kwashe kwanuka, ya matso ya ce a hankali, "Nuna mini ita." Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa don bai zo da tabarau ba, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Hancin Innarmu ne." Ya miƙo mini wayar ya ci gaba da tattara cokula. Ko a ranar ban iya fita na kirawo mutane na gaya musu ba.

Hawan jini ne ya kayar da shi ran Litinin a bakin sikeli. Kwana biyu ina gefen gadonsa, bai farka ba. Na yi ta cewa "Kawu, Kawu" da ƙarfi, don babu mai jin Hausa a ɗakin. Da ya cika na kira Umma na gaya mata. Sannan na wanke fuska, na dawo ofis na tsaya raba ruwa.

Asibiti suka ce ba za a saki gawa a kai ta gida ba sai ɗan'uwa na jini ya sa hannu, ko a kawo takarda daga danginsa. Ni na riga na shirya abina: in bari sai Litinin, in lallaɓa ni kaɗai in sa hannu, in ce wa jama'a takarda ce ta iso daga Najeriya. Ku duba fa, gawarsa tana kwance a cikin sanyi, ni kuwa lissafin da nake yi ke nan.

Alhaji ne ya rusa shirin. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka sake taruwa a ofis, har da mutanen cocinsu su shida. Alhaji ya ce, "Mutumin nan ya tsare mana shaguna shekara da shekaru muna sallah. Ba za mu bar shi a firiji ba. A nemo danginsa yau." Sai wani dattijo daga cocin ya fito da wayar Kawu, wadda ni da kaina na ba shi ajiya don kada in riƙa ganinta. Ya ce akwai wata ƙanwarsa a Kano da yake kira duk Lahadi. Ya fara karanto lambar, Alhaji yana dannawa a tasa wayar. Tun a lamba ta huɗu na gane.

Alhaji ya buɗe murya don kowa ya ji. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, har sau biyar. Na sami lokacin da zan ce ku tsaya. Amma na tsaya ina fatan kada ta ɗauka.

Ta ɗauka. Muryarta ta dishe saboda kuka. Alhaji ya yi sallama, ya gabatar da kansa, ya yi mata gaisuwa, sannan ya fara bayanin takarda. Umma ta ce, "Wace takarda kuma, Alhaji? Ai ɗana yana nan wurinku, shi ne a hannun kawun nasa tun zuwansa." Ta faɗi sunana, har da na mahaifina. Ta ce, "Ko ba shi kuke yi wa gaisuwar ba?"

Ban ɗaga kai ba, amma na ji idon kowa a jikina. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Shi muke yi wa, Hajiya. Ga shi nan a gabana. Na dai ce in ji muryarki ne." Ta yi ta sa masa albarka har ya kashe.

Ya ajiye wayar a kan tebur. Ya dube ni ya ce, "Ranar kwantenar nan ce, ko?" Na ce e. Ya ce, "Ni na yi tambayar cikin fushi, Allah ya yafe mini. Amma kai, shekara tara? Shi ka raina, ko mu ka ɗauka mutanen banza da za su guje ka don kawunka yana zuwa coci?" Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko a asibiti.

Alhaji ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar ofis ya ce in zauna. Shi ya fara durƙusawa ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Ya haƙuri?" Sai sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, Kanawa da 'yan Kumasi da 'yan Nijar da mutanen coci. Wasu sun riƙe hannuna sun daɗe. Wasu sun taɓa sun saki ba su dube ni ba, kuma ban ga laifinsu ba. Na nemi gafararsu, suka ce ba su ne masu yafewa ba.

Kawu mutum ne mai cika alkawari, ga Ubangijinsa da ga mutane. Bai taɓa neman wani ya bar addininsa ba, bai kuma sayar da ko awa ɗaya ta nasa ba. Ban san addu'ar da malamai za su yarda in yi masa ba, na bar shi da Allah da ya fi ni saninsa. Duk wanda ya san shi ya karanta wannan, ni za ku yi wa gaisuwa, ni ne ɗan ƙanwarsa.

Na sa hannu a takardar, jibi zan raka akwatinsa gida. Umma ta ce za ta zo filin jirgi da kanta. Na san abin da za ta yi, za ta dafa kaina ta fara sa mini albarka don na riƙe mata yayanta a ƙasar mutane. Dole in tare ta kafin ta ƙarasa, in gaya mata.